A koya wa ɗalibin fisiyo lokacin da zai janye hannunsa

Duk wanda ya taɓa tsayawa a bayan ɗalibin fisiyo, wato mai koyon aikin farfaɗo da jiki ta hanyar atisaye, ranar da aka fara damƙa masa mai shanyewar ɓarin jiki ya san abin da zai gani. Ɗalibin zai kwantar da mutumin a gado, ya kama hannun da ya shanye, ya lanƙwasa ya miƙe sau goma, ya koma ƙafa ya yi mata haka, ya ɗan mammatsa tsoka, in akwai na'urar gashi ya ɗora. Minti arba'in su wuce, ɗalibi ya jiƙe da gumi, mara lafiya kuwa ko yatsa bai ɗaga da kansa ba. A rubuta a fayil cewa an yi atisaye, kowa ya tafi da zaton an yi aiki.

Ban ga laifin ɗalibin ba. Abin da aka nuna masa ke nan, kuma a kansa aka ba shi maki. Ra'ayina shi ne horar da ɗaliban fisiyo a ɓangaren cututtukan ƙwaƙwalwa da laka da jijiyoyi ya karkata ga abin da hannun likita ke yi wa mara lafiya, alhali samun sauƙi ya rataya ne a kan abin da mara lafiyan ke yi da jikinsa, sau nawa ya yi, da wane irin ƙoƙari. Muddin makarantu ba su juya horon zuwa nan ba, za su ci gaba da yaye mutanen da suka haddace hanyoyin da saƙo ke bi daga ƙwaƙwalwa zuwa laka, amma ba za su iya koya wa dattijo tashi daga kujera ba.

Abin ya wuce a bar wa 'yan ƙwararru ƙalilan. Wani babban ƙiyasi da aka wallafa a mujallar Lancet Neurology a 2024 ya nuna cewa a 2021 mutum biliyan 3.4 ne ke ɗauke da wata larura da ta shafi ƙwaƙwalwa ko jijiyoyi. Da yawa daga cikinsu masu ciwon kai ne, amma shanyewar ɓarin jiki ce ta fi kowace larura a jerin cinye shekarun lafiyar mutane. Ƙara da raunin laka, da bugun kai a hatsari, da cutar Fakinsan mai sa karkarwa da nauyin motsi, da yaran da aka haifa da shanyewar ƙwaƙwalwa. Mafi yawan waɗannan mutane ba za su taɓa ganin wanda ya yi digiri na biyu a wannan fanni ba. Wanda za su gani shi ne wanda ya gama digirin farko bara. Abin da ya fito da shi daga makaranta, shi ne rabonsu.

Ƙwaƙwalwar da ta samu rauni tana sake shimfiɗa hanyoyinta, amma da sharaɗi. A 2008 masu bincike Kleim da Jones sun tattara ƙa'idoji goma na wannan al'amari, kuma waɗanda suka fi shafar mai aiki a gefen gado ba su da wuyar ganewa: abin da ba a amfani da shi yana gushewa, abin da aka yi ta maimaitawa shi ke ƙaruwa, kuma ainihin aikin da ake son a iya shi za a yi ta yi. Wanda ake so ya iya ɗaukar kofi, kofi zai yi ta ɗauka. A gwaje-gwajen da aka yi da dabbobi, sai an maimaita motsi ɗaruruwa a rana, kusan 400 zuwa 600, ake ganin sauyi a ƙwaƙwalwa. Da Catherine Lang da abokan aikinta suka zauna suka ƙirga abin da ake yi a ɗakunan fisiyo a Arewacin Amurka, suka wallafa a 2009, sai suka tarar a zama ɗaya hannun da ya shanye yana yin aiki mai ma'ana sau 32 ne kawai a matsakaici, taku kuma 357. Shekara ɗaya bayan haka aka nuna cewa mai shanyewar ɓarin jiki zai iya maimaita aikin hannu sama da sau 300 cikin awa guda in an tsara masa zaman yadda ya kamata. Tazarar da ke tsakanin 32 da 300 ba ta na'ura ba ce. Tazarar horo ce.

Don haka abu na farko da zan sa a hannun ɗalibi shi ne takarda da biro, ya zauna a gefe ya ƙirga. Zama uku ya kalla, ya rubuta sau nawa mara lafiya ya yi motsi da kansa, minti nawa ya yi a zaune yana jira, minti nawa aka yi ana magana a kansa. Wanda ya yi wannan ƙirgar sau ɗaya ba ya komawa kallon zaman fisiyo da idon da.

Daga nan sai a koya masa tsara aiki, kuma tashi daga zaune ya ishe mu misali, domin shi ne ƙofar bayan gida da wanka da tafiya. Mara lafiya ya matso bakin kujera. Ƙafafu su koma baya kamar santimita 10 daga saitin gwiwa, tafin ƙafa a shimfiɗe a ƙasa. Ya karkato gangar jikinsa gaba daga ƙugu, baya a miƙe, har kafaɗu su wuce saitin gwiwa, sannan ya tura ƙasa da ƙafafu biyu ya miƙe. In ya kasa, a ɗaga gadon ko a ƙara wa kujerar tsayi har a kai inda zai iya da ƙyar ba tare da an ɗaga shi ba, a fara daga nan. Ya yi goma, ya huta, ya sake goma, ya sake. In ya fara yi cikin sauƙi, a rage tsayin da santimita biyu ko uku. In ana so ƙafar da ta shanye ta ɗauki kaya, a mayar da ita baya kaɗan fiye da mai lafiyar. A sa sikelin awon nauyi a ƙarƙashinta, ya ga lambar da idonsa, ya yi ƙoƙarin ƙara ta. Likita yana tsaye ta ɓangaren da ya shanye, gwiwarsa a gaban gwiwar mara lafiya don kada ta lanƙwashe, hannunsa a kusa amma ba ya ɗagawa.

Inda ɗalibai ke kuskure sananne ne. Sukan bar ƙafafun a gaba, sai mara lafiya ya rasa inda zai tura, ya jefa kansa baya. Sukan zura hannu a hammata su ciccibo shi, aikin ya zama nasu, kafaɗa kuma ta ji ciwo. Sukan bar shi ya jingina da ƙafar mai lafiya gaba ɗaya, ya tashi a karkace, ya saba da hakan. Sukan kuma cika shi da surutu: ɗaga kai, miƙe baya, taka nan, kalli can. Umarni ɗaya a lokaci ɗaya ya isa, kuma ya fi kyau a nuna masa abin da zai nufa, a ce ya kai goshinsa saitin wancan tebur, maimakon a yi masa bayanin tsokoki. Yayin da ya fara kamawa, a rage gyara, a rage taɓawa. Sanin ranar da za a janye hannu daga gwiwar nan ƙwarewa ce da ake koyarwa, kuma ban ga inda ake ba ta muhimmancin da ake ba sunayen dabaru ba.

Sunayen dabarun nan suna cin lokaci mai yawa a manhaja. Berta da Karel Bobath sun fara tasu hanyar a Landan tun a shekarun 1940, Kabat da Knott suka fito da tasu a Amurka a kusan wannan zamanin, Brunnstrom ta zo da matakan farfaɗowarta. Mutane ne da suka yi aiki tuƙuru a lokacin da ake ganin wanda ya shanye ya gama yawo, kuma ya dace ɗalibi ya san tarihinsu. Amma wata bita da aka yi a 2009 a kan gwaje-gwajen da suka kwatanta hanyar Bobath da sauran hanyoyi ba ta samu hujjar cewa ta fi su ba. Wata babbar bitar ta 2017 ta nuna cewa miƙe gaɓa da hannu ko da abin ɗauri, na tsawon watannin da aka gwada, ba ya kawo sauyin a zo a gani wajen hana ƙagewar gaɓa. Waɗannan sakamako ba su da daɗin ji ga wanda ya shekara ashirin yana koyar da su, na sani. Abin da ya cancanci a riƙe daga tsofaffin hanyoyin shi ne iya kama jiki: inda za ka sa hannu, yadda za ka ji tsoka na shirin aiki, yadda za ka tallafi ƙugu ba ka danne motsi ba. Wannan a koyar da shi sosai. Sauran a ba shi mako guda a darasin tarihi, a ba da lokacin ga abin da ke da hujja: maimaita aikin yau da kullum, ƙarfafa tsokar da ta raunana, tafiya mai sa zuciya bugawa, da tilasta wa hannun da ya shanye yin aiki.

Wannan na ƙarshen ma yana koya wa ɗalibi wani darasi, wato zaɓen wanda magani ya dace da shi. A gwajin da aka wallafa a Amurka a 2006 da mutum 222, an rufe hannu mai lafiya da safar hannu kashi 90 cikin ɗari na lokacin da mutum yake a farke, tsawon mako biyu, ana horar da ɗaya hannun har awa shida a ranakun aiki. An ga amfani, amma waɗanda aka ɗauka su ne masu iya ɗaga wuyan hannu aƙalla digiri 10 da ɗan buɗe babban yatsa da wasu yatsu biyu. Ɗalibin da ya ji sunan dabarar bai ji sharaɗinta ba zai rufe hannun wanda ɗayan ko motsi ba ya yi, ya bar bawan Allah ba hannu ko ɗaya.

Sai awo. Rubuta cewa mara lafiya "yana samun sauƙi" ba bayani ba ne. Kayan awon da ake buƙata tef ne da agogo da kujera da fili a baranda. A auna mita 14, a yi alama a mita biyu na farko da biyu na ƙarshe, a ɗauki lokacin goman tsakiya. Wanda ya yi daƙiƙa 25 yana tafiyar mita 0.4 a daƙiƙa, kuma ƙasa da haka tafiyar cikin gida ce. Wanda ya yi daƙiƙa 12 da rabi ya kai 0.8, iyakar da daga ita ake sa ran mutum ya iya zirga-zirga a waje. Ma'aunin Berg yana da ayyuka 14, kowane maki sifili zuwa huɗu, jimla 56, yana auna daidaituwar zama da tsayuwa. Akwai gwajin tashi daga kujera, a yi tafiyar mita uku, a juyo a zauna. Akwai ma'aunin Fugl-Meyer na motsin gaɓoɓin da suka shanye, maki 66 na hannu, 34 na ƙafa. Ga raunin laka akwai gwajin tsokoki goma da wuraren jin taɓi 28 a kowane ɓarin jiki, wanda ke raba rauni daga aji A zuwa E.

Haddace waɗannan lambobi abu ne mai sauƙi. Yin awon yadda sakamakon yau zai kwatantu da na makon gobe shi ne aikin. Ɗalibi ya auna yau da sanda, gobe babu sanda. Yau da takalmi, gobe ƙafa ba takalmi. Ya jera da mara lafiya kafaɗa da kafaɗa, mutumin ya ɗauki saurinsa ba tare da ya sani ba, alhali ɗan baya kaɗan ya kamata ya bi. Ya auna mai cutar Fakinsan yau awa ɗaya bayan ya sha magani, makon gobe kuma lokacin da maganin ya sake shi, ya rubuta cewa jiki ya yi tsanani. Ya ja gaɓa da sauri daban-daban yana auna ɗaurewar tsoka, alhali ƙarfin ɗaurewar ya danganta ne da saurin jan. Ba a gane irin wannan kuskure a takardar jarrabawa. Sai malami ya tsaya, ɗalibai biyu su auna mutum ɗaya kowa shi kaɗai, a kwatanta abin da suka samu, a nemi dalilin bambancin.

Awo yana kuma ba ɗalibi abin faɗa idan iyali suka tambayi abin da kowa ke tambaya: hannun nan zai dawo? Wani bincike na ƙasar Holan da aka wallafa a 2010 ya gano cewa waɗanda suka iya ɗan buɗe yatsu da ɗan ɗaga kafaɗa gefe a kwana na biyu bayan shanyewa, kashi 98 cikin ɗari ne damarsu ta samun wani amfani da hannun a wata shida. Waɗanda ba su iya ko ɗaya ba, kashi 25 ne. Gwajin minti biyu ne, amma yana sauya tsarin da za a yi wa mutum da irin maganar da za a gaya wa 'ya'yansa.

Akwai abubuwan da ban yarda a bar ɗalibi shi kaɗai da mara lafiya ba sai an ga ya iya su da ido, domin kuskure a cikinsu yana naƙasawa ko ya kashe. Kafaɗar da ta saki tana rataye ne ba tsokar da ke riƙe ta, nauyin hannu kaɗai yana iya zame ƙashin daga gurbinsa har ka sa yatsa a ramin. Ba a jan wannan hannu, ba a ɗaga mutum ta hammata, ba a ɗaga hannun ya wuce saitin kafaɗa sai an tabbatar allon kafaɗa yana juyawa tare da shi kuma an murɗa dantsen waje. Igiyar nan da ake ratayawa a sama mara lafiya ya ja da hannu mai lafiya don ɗaga ɗayan, ƙa'idojin kula da masu shanyewar ɓarin jiki sun hana ta, amma har yanzu ana ganinta. Garin neman gira a rasa ido ke nan, domin ciwon kafaɗa in ya kama yana iya tsayar da atisayen hannu na watanni.

Wanda ya daɗe a kwance, ko mai raunin laka, ko mai cutar Fakinsan, jininsa na iya faɗuwa in an tsayar da shi. A auna jini a kwance, a zaunar da shi a auna, a tsayar a auna. In lambar sama ta sauka da 20 ko ta ƙasa da 10 cikin minti uku, ko ya ce jiri, ko fuska ta canza, a mayar da shi a ɗaga ƙafafu. Kishiyar wannan kuma ita ce ta fi haɗari, kuma ɗalibai da yawa ba su taɓa ganinta ba sai a littafi. Mai raunin laka daga ƙashin baya na shida a ɓangaren ƙirji zuwa sama zai iya kamuwa da hawan jini na farat ɗaya saboda wani abu da ke damun jikinsa a ƙasa da raunin wanda shi ba ya ji: robar fitsari ta toshe ko ta lanƙwashe, bayan gida ya taru, tufa ko takalmi ya matse, gyambo ya fara. Sai kai ya sara masa, fuska da wuya su yi zufa. Jinin irin waɗannan mutane yakan zauna a 90 zuwa 110, don haka 130 ko 140 da za ka raina a wurin wani, a wurinsa ƙararrawa ce. Abin da zuciya ke fara raya wa ɗalibi shi ne ya kwantar da shi, kuma shi ne babban kuskure. Zaunar da shi ake yi a miƙe, a sauke ƙafafu, a kwance duk abin da ya matse, a duba robar fitsari tukuna, a riƙa auna jini kowane minti biyu zuwa biyar, a kira likita. Wannan sai an yi ta gwada shi a aji har jiki ya saba.

Haka sharaɓar da ta kumbura ta yi zafi a ƙafar da ba ta motsi: ana zargin gudan jini, ba a matsa ta, ba a ci gaba da atisaye sai an duba. Haka ruwa: ba a miƙa wa wanda ya shanye jiya kofi don ya ce ƙishi, sai an tantance haɗiyarsa, domin ruwa na iya sarƙe shi ya gangara huhu ko tari bai yi ba. Haka fata: diddige da ƙashin ƙugu da mazaunai a duba su, mai kwance a juya shi kamar kowace awa biyu, mai keken guragu ya riƙa karkatawa yana sauke nauyi kowane minti 15 zuwa 30.

Kada kuma zancen yawan maimaici ya sa a ɗauka gaggawa ce ake nema. A gwajin AVERT da aka wallafa a 2015, wanda ya ƙunshi mutum 2,104 a asibitoci 56 na ƙasashe biyar, waɗanda aka fara tayarwa cikin awa 24 na farko kuma aka ba su atisaye mai yawa sun samu kyakkyawan sakamako kashi 46 cikin ɗari a wata uku, waɗanda aka bi da su yadda aka saba kuma kashi 50. Da aka sake nazarin bayanan, sai aka ga gajerun zama da ake maimaitawa sau da yawa a rana sun fi dogon zama ɗaya a kwanakin farko. Mai farfaɗowa daga cutar Giyan-Bare, wadda ke kama jijiyoyi ta raunana gaɓoɓi, in an gajiyar da shi yau gobe ya wayi gari ya fi jiya rauni. Mai cutar da ke cinye rigar jijiyoyi, zafi kaɗai na iya tsananta masa alamomi na ɗan lokaci. Atisaye magani ne mai ƙima, ɗalibi ya san yaushe ake ƙarawa, yaushe ake ragewa.

Wani gefen da aji ba ya iya koyarwa shi ne raunin da ba a gani. Kusan kashi ɗaya cikin uku na masu shanyewar ɓarin jiki suna samun matsalar harshe, su kasa fito da kalma ko su kasa gane ta. Ɗaga murya ba ya taimaka musu. Gajeriyar jimla, a nuna da jiki, a yi shiru a jira amsa, a yi tambayar da e ko a'a za ta isar. Wanda ɓarin dama na ƙwaƙwalwarsa ya taɓu zai iya manta da duk abin da ke hagunsa, ya ci rabin faranti, ya bar hannunsa na hagu ya faɗa cikin tayar keke, ga ido lafiya lau. Wani kuma zai riƙa tura kansa da hannu mai lafiya zuwa ɓarin da ya shanye, in ka gyara shi ya ƙara turawa, domin a jinsa karkatacciyar tsayuwar ita ce daidai. Kokawa da shi ɓata lokaci ne. A sa shi ya kalli abin da yake tsaye sak, kamar bakin ƙofa, ya daidaita kansa da shi, ya miƙa hannu ya ɗauko abu ta ɓarin mai lafiya. Mai cutar Fakinsan da ƙafafunsa suka kafe a bakin ƙofa ba a jansa, faɗuwa zai yi. A ce ya tsaya, ya karkata nauyi dama da hagu, a ƙirga masa ɗaya biyu, ko a ja layi a ƙasa ya tsallake. In zai juya, ya yi kwana mai faɗi.

Ɗalibin da bai san waɗannan ba, kalma ɗaya yake rubutawa: ba ya ba da haɗin kai. Kalmar nan ta rufe wa mutane da yawa ƙofa. Wani ba ya ganewa ne, wani tsoron faɗuwa yake yi, wani kuma ciwon damuwa ne ya kama shi, wanda shi ma yana samun kusan ɗaya cikin uku bayan shanyewar ɓarin jiki, kuma yana da magani in an tura shi inda ya dace.

Mako yana da awa 168. Ƙa'idar Ingila ta 2023 ta ce a ba mai shanyewar ɓarin jiki aƙalla awa uku na farfaɗo da jiki a rana, kwana biyar a mako, kuma wurare ƙalilan ne a duniya ke iya cika wannan da ma'aikata kaɗai. Ragowar sa'o'in suna hannun mai jinya. Saboda haka koyar da mai jinya rabin aikin ne, ya kamata a ba shi rabin kulawa a horo. Ɗalibi ya nuna yadda ake mayar da mutum daga gado zuwa kujera, kujerar a ɓarin mai lafiya, birki a ɗaure. Mai jinya ya yi a gabansa, ya gyara masa, ya sake yi, har sau uku ba kuskure. Atisayen gida kada ya wuce uku ko huɗu, kowane da adadinsa, da takardar da za a riƙa yin alama. Doguwar takarda mai atisaye goma sha biyu a ƙarƙashin matashi take ƙarewa. Ga uwar yaro mai shanyewar ƙwaƙwalwa, ɗalibi ya san matakai biyar na ma'aunin motsin irin waɗannan yara da aka fitar a 1997, ya san cewa yawanci yaro ba ya tsallakawa daga mataki na biyar zuwa na biyu, ya iya gaya mata gaskiya ba tare da ya karya mata zuciya ba, ya nuna mata yadda zama mai kyau da kujerar da ta dace za su ba yaron damar cin abinci da wasa da zuwa makaranta.

Za a ce duk wannan ya yi yawa, manhaja ta cika, marasa lafiya da malaman da za su sa ido ba su wadata ba. Gaskiya ne, kuma ban ce a rage ilimin sassan ƙwaƙwalwa ba, domin wanda bai san inda raunin yake ba ba zai san abin da zai nema a jiki ba. Abin da nake cewa a haɗa su tun daga farko. Makon da aka koyar da ƙaramar ƙwaƙwalwar da ke ƙeya, a makon ɗalibi ya ga mai tangaɗi yana ƙoƙarin taɓa hancinsa da yatsa. Gani ya kori ji. Mutanen da suka daɗe da larurarsu, waɗanda suka yarda kuma aka biya su haƙƙin lokacinsu, za su iya shigowa aji su zama malamai. Gwaje-gwajen da aka yi a Ostireliya aka wallafa a 2012 da 2013 sun nuna ana iya maye kashi ɗaya cikin huɗu na lokacin asibiti da horon kwaikwayo ba tare da ƙwarewar ɗalibi ta ragu ba, sai dai a ɓangaren ƙashi da tsoka da na zuciya da huhu aka yi su. A namu ɓangaren kwaikwayo ya dace da koyon tambaya, da mayar da mutum kujera, da gwada abin gaggawa. Amma abokin karatu ba zai iya kwaikwayon nauyin hannun da ya saki ba, ko yadda tsokar da ta ɗaure take cafke gaɓa in an ja da sauri. Wannan sai a jikin mai shi.

Ƙarancin malamai kuma yana da sauƙi idan aka ba malami ɗaya ɗalibai biyu, ɗaya yana aiki, ɗaya yana ƙirga yana lura, su yi musanya. A ɗauki zaman a bidiyo da izinin mara lafiya, ɗalibi ya kalli inda hannunsa ya yi aikin da ba nasa ba. Ya fi amfani ɗalibi ya bi mutum ɗaya mako shida, ya auna shi a farko, ya ga inda tsarinsa ya ci da inda ya gaza, a kan ya leƙa mutum talatin sau ɗaya-ɗaya. A Birtaniya ana neman awa 1,000 na aikin asibiti kafin a yaye ɗalibi, amma awa ba ta faɗin abin da aka yi a cikinta, mutum zai iya cika ta yana tsaye a bayan wani.

Ɗalibi abin da za a tambaye shi a jarrabawa yake koyo, don haka a can gyaran zai tabbata. A ba shi mara lafiya na gaske da minti arba'in. Mai jarrabawa ya riƙe takarda ya rubuta ko ya auna jini kafin ya tayar da shi, ko ya tambaye shi abin da yake so ya koma yi, wane awo ya zaɓa kuma ya yi shi daidai, sau nawa mutumin ya yi motsi da kansa, ko an ƙara wa aikin wuya da ya yi sauƙi, ko mai jinya ya gwada da hannunsa kafin a tashi. Wanda ya ja hannun da ya shanye, ko ya kwantar da mai raunin laka da kansa ke sarawa, ya sake zagayen asibitin ko da ya cinye makin rubutu.